Abin da Bakina Ya Jawo Mini a Gidan Yakub

Tun da na dawo daga Turkiyya ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na shiga kasuwar Rano a tare ni, har wani abokina daga Kibiya ya hau babur ya zo takanas don ya ji labari. Ni kuwa sai in ba su labarin jirgi da shayi da magen da ke kwana a masallaci, su yi ta dariya, in tsallake wurin da ya fi tsaya mini a rai. Na gaji da tsallakewar. Ga labarin gaba ɗayansa.

Ni mutumin Rurum ne. Da safe ina karantar da yara, da rana ina lambu. Shekarun baya na shiga noman inabi da zafina, na sayo iri na waje, na kafa rumfunan ƙarfe, na ajiye injin ban-ruwa, ga feshi kamar ba gobe. Wani lokaci a samu, wani lokaci ganye ya yi fari fat ya zube. Ɗana na uku, Salisu, shi ke taya ni, kuma daga nan ya ƙallafa rai ga karatun noma har Allah ya ba shi gurbin karatu a Turkiyya. Da zai gama, ƙanena Alhaji Tasi'u, wanda ke saro dogayen riguna a can, ya ce lallai in je bikin. Biza ba ta fito ba sai da aka gama biki aka watse. Alhaji Tasi'u ya ce ba komai, tunda ta fito mu tafi, in ga yaron in ga ƙasa.

Muka fita ta Kwanar Ɗangora zuwa Abuja ana yayyafi. Uwar yaron, Hajiya Binta, ta cika mini jaka da kilishi da yaji da daddawa da kuka, wai ɗanta ya yi kewar miya. A jirgi aka zaunar da ni kusa da taga, ban leƙa ba ko sau ɗaya. Carbina kawai nake ja, Alhaji Tasi'u yana ta minshari a gefena kamar a ɗakinsa yake.

Da muka sauka Istanbul, wajen duba fasfo bai ba ni wahala ba. Jami'in ya dube ni, ya dubi hoton, ya nuna mini in cire hula, ya buga hatimi. A wajen kaya ne aka yi ta. Wani matashin jami'i ya buɗe jakata, ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, sai ya yi baya da sauri yana tari. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sansana ya toshe hanci. Mutane suka fara waiwayowa. Alhaji Tasi'u ya yi ta bayani da hannu yana nuna tukunya da cokali. A ƙarshe suka bar mini daddawar, suka riƙe kilishin, suka ce nama ba ya shiga. Na ɗauka wannan ce babbar kunyar da zan sha a tafiyar.

Masaukinmu a unguwar 'yan kasuwa yake, inda za ka ji Hausa a titi kamar kana Kantin Kwari. Ƙofar ɗakin da kati ake buɗe ta, na fita alwala ta rufe ni a waje ba takalmi. Karin kumallonsu burodi ne da cuku da zaitun da tumatir ɗanye, sai shayi baƙi a wani ɗan kofin gilashi da bai fi kurɓi uku ba, ba madara. Na yi ta jiran a kawo abincin, ashe shi ke nan an gama.

A nan Salisu ya same mu. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni a gaban mutane. Raina ya yi fari. Ya ce, "Baba, ina so in kai ka wajen wasu mutane a kudu, kusa da Mardin. A gonarsu nake yin hutu. Manoman inabi ne, kuma yanzu ake girbi."

Na ce, "Su wane ne?"

Ya ce, "Wani dattijo ne, Yakub, da matarsa Maryam. Jikansu ajinmu ɗaya."

Na ce, "Ma sha Allah, Yakubu da Maryamu." Na ga ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, sai ya fasa. Ban tambaya ba.

Alhaji Tasi'u ya tsaya kan harkarsa, mu biyu muka hau babbar mota. Tafiya ce mai nisa, ta fi daga nan zuwa Legas. A motar akwai ma'aikaci da ke bin kujera kujera yana raba shayi yana zuba wa mutane turare a tafin hannu. Wani tsoho da ke gefenmu ya tambayi Salisu ko ni Musulmi ne, da ya ji har na sauke farali sai ya kama hannuna ya sumbata ya ɗora a goshinsa. Na fizge don ban saba ba. Salisu ya ce haka suke girmama manya. Tsohon bai ji haushi ba, ya cika mini hannu da wata irin gyaɗa mai ɓawo kamar katantanwa, muka yi ta hira ba mai jin wani.

Ƙauyen su Yakub a kan tudu yake, gidaje duk na dutse, da yawa a kulle. Ƙasar jan dutse ce da tsakuwa, irin wadda a wajenmu ko gero ba za a yi wa sha'awar ta ba. Da hantsi muka isa, muka tarar da shi a gona. Gajere ne mai farin gashin baki, hannunsa kamar itace. Ya rungume Salisu tukuna, sannan ya kama hannuna da hannu biyu. Salisu ke mana tafinta da Turkanci.

Abin da na gani a gonar ya ɗaure mini kai. Babu rumfa ko ɗaya. Kowane gindi a tsaye yake shi kaɗai, gajere, bai kai ƙugu ba, ganyensa ya yi wa 'ya'yan inuwa. Na duba ban ga tiyo ba, ban ga rijiya ba.

Na ce, "Tambaye shi ina injin ban-ruwansa."

Yakub ya yi dariya ya nuna sama. Ya ce ruwan damina da na sanyi ya ishe su, saiwarsu ta san hanyar ƙasa tun kafin a haife shi. Na tambayi maganin feshi, ya ce farar ƙasa da farar wuta kaɗan in an ga alama, shi ke nan. Taki kuwa, bayan girbi ake sako tumakin maƙwabta su cinye ciyawa su bar masa kashi, ɓawon inabin da aka matse ma gona yake komawa. Ya riƙa tsinko mini ina ɗanɗanawa, wani fari ƙanana mai zaƙi kamar zuma, wani baƙi mai kaurin ɓawo da ɗan bauri. Kowanne da sunansa, sunayen da ban iya riƙewa ba. Ya ce ba a sayar da irinsu a shago, na ƙauyen ne, kakansa ya gada shi ma ya gada.

Ya tambaye ni wane iri nake nomawa. Na faɗa masa da alfahari cewa na waje ne. Ya ce, "To naku na gida fa?" Na yi tunani, na ce sai dai faru, wanda yara ke tsinka a daji, ba mai shuka shi. Ya gyaɗa kai. A raina na ce wannan bawan Allah ya san noma, zan zauna in kwashi ilimi.

Da azahar ta yi muka nufi gida. Maryam ta tarbe mu a ƙofa, tsohuwa ce siririya da baƙin ɗankwali. Ta kama fuskar Salisu da hannu biyu tana magana da sauri, ta juyo gare ni ta dafa ƙirji ta ce da Hausa, "Sannu da zuwa." Ashe ta yi kwanaki tana koyo. A tsakar gida an shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin inuwa, an jera kwanuka, ƙamshin naman rago ya cika ko'ina.

Na ce zan yi alwala. Salisu ya nuna mini lungu ya tafi ɗauko darduma. Ni kuwa na tura ƙofar da ba ita ba. Matakala na gani tana gangarawa, sanyi na fitowa, na bi. Warin ne ya fara gaya mini. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan gidan da ake dafa burkutu ya san danginsa. Ga manyan randuna a jere ana jin suna tsuwwa a hankali, ga kwalabe a kwance har rufi, ga gicciye a jikin bango.

Ban san yadda na hawo ba. Na tarar da su duka a tsaye suna jirana a bakin tabarma, Maryam riƙe da buta da tawul. Na dubi Salisu, na ɗaga murya da Hausa, don na tabbata ba mai ji sai shi.

"Salisu! Ashe gidan kafirai ka kawo ni? Masu dafa najasa? Wannan haramun ɗin kake ci shekara da shekaru, ni ma ka kawo ni in ci? Wallahi ƙafarka ba za ta sake taka gidan nan ba!"

Salisu ya ce, "Baba, don Allah."

Maryam ta sunkuya ta ajiye butar a ƙasa a hankali. Sai Yakub ya yi magana, ba da Turkanci ba, da Larabci, irin nasu na can amma sarai na fahimta.

Ya ce, "Ya shaihu, kafir mun ji. Najasa mun ji. Haram mun ji. Sauran ne ba mu ji ba."

Ni da nake karantar da Larabci, ni ne na manta cewa kalmomin nan ba na Hausa ba ne, kuma ban taɓa tambaya ko mutanen yankin suna jin Larabci ba. Na ji kamar an kwara mini ruwan zafi daga ka har ƙafa. Maimakon in tsaya, sai na sa takalmina na fice. Na hangi hasumiyar masallaci a gangare, na nufe ta.

Bayan salla limamin ya zo ya zauna kusa da ni. Mela suke ce masa, kusan irin Malam ɗinmu. Larabcinsa na littafi ne, muka fahimci juna da kyau. Ya ce, "Kai ne mahaifin Salisu. Yaya ragon? Ni na yanka shi da safe."

Na ce, "Wane rago?"

Ya ce Yakub ne ya jawo shi har ƙofar gidansa don Musulmi ya yanka. Maryam kuma ta aro tukwane da kwanuka daga wajen matarsa, wai kada baƙo ya yi ƙyanƙyami. Ya ce tun zuwan Salisu na farko haka suke yi. Na gaya masa abin da ya faru, ban rage ba.

Ya ce, "Giya haramun ce, ni ma abin da nake faɗa a kan mumbari ke nan. Ban taɓa sayar wa Yakub inabi ko cikin tafin hannu ba, ya sani, mun sha yin musu a kai. Amma ɗanka bai taɓa shiga ɗakin nan ba. Ranar da ya gane abin da ake yi ya ce zai tafi, Yakub ya ware masa gonar gangare, wadda ake busar da inabinta a yi zabibi, sauran a dafa a yi maɗi. A can yake aiki. Ɗakin da yake salla, Maryam ce ta tambaye ni alƙibla ta sa alama a bango."

Sannan ya ce, "Bai gaya maka ciwon da ya yi ba?"

Ban san da wani ciwo ba. Ashe a wani hutun sanyi, lokacin da ake yi wa itatuwan aski, sanyi ya kama haƙarƙarin Salisu har numfashi na gagararsa, ga ƙanƙara ta toshe hanya. Yakub ne ya ɗora shi a tarakta ya kai shi asibiti. Da aka sallame shi Maryam ta kwantar da shi a ɗakin ɗanta da ya rasu, ta yi ta jinyarsa har ya miƙe, tana ba shi romo a baki. Mu kuwa a Rurum yana turo mana saƙo cewa jarrabawa ce ta hana shi kira.

Na koma da la'asar ina jan ƙafa. Abincin yana nan a kan tabarma an rufe da mayafi, ba wanda ya ci. Yakub yana zaune a kan dutse yana gyara kwando. Na tsaya a gabansa na ce da Larabci na yi kuskure, ya yafe mini.

Ya matsa ya ba ni wuri. Ya ce, "Kalmar nan ba yau muka fara jin ta ba, da ita muka tsufa. A bakin wasu ba ta yi mana komai. Amma Maryam ta yi wata guda tana shirin zuwan baban ɗanta."

Sannan ya gaya mini abin da ban tambaya ba. Ya ce gidajen da na gani a kulle na danginsa ne, sun watse ƙasashen Turai. Waɗanda suka rage sun tumɓuke tsofaffin itatuwan sun dasa irin kasuwa, don 'yan sari ba sa son ƙananan 'ya'ya masu tsaba. Shi ya ƙi. A addininsu giyar tana shiga ibada, kuma ita ce kaɗai ke sa baƙi su zo neman wannan tsohon irin. Ba ya zuba mata komai, ba ya yin da yawa, abin da gonar ta bayar shi ke nan. Ya ce, "Ban ce ka yarda ba. Na dai ce ka sani."

Ban yarda ba, har gobe ban yarda ba. Amma na zauna na ci ragon nan da sanyinsa. Maryam ba ta fito ba. Kwanakin da muka ƙara a gidan, abinci na zuwa a kan lokaci, ruwan alwala da ɗuminsa, amma ta hannun Salisu. In na shigo tsakar gida sai ta shige madafa. Na ga yadda ake dafa maɗin inabi a babban kasko a gonar gangare, na ga yadda ake shanya zabibi, na koyi yadda ake yanke reshe, duk ban ji daɗin ko ɗaya ba. Ranar tafiya na tsaya a bakin madafar na yi sallama na yi godiya. Na ji motsin cokali ya tsaya, amma ba a amsa ba.

A mota na ce wa Salisu, "Me ya hana ka gaya mini tun farko?"

Ya ce, "Da na gaya maka ba za ka zo ba, Baba. Ni kuma ina so ka gan su."

Daga nan har Istanbul bai ƙara cewa komai ba sai in na tambaye shi. Rantsuwar da na yi a kansa kuwa ban janye ba. Na san ya kamata, amma girman kai da wasiwasi suka haɗu suka riƙe mini harshe. Shi ma bai roƙa ba. Na baro shi zai ci gaba da karatu na gaba, na hau jirgi.

Hajiya Binta kaɗai na gaya wa gaskiya. Tana tankaɗe ta ajiye rariyar ta dube ni. Ta ce, "Malam, matar da ta ba ɗanka romo a baki?" Ba ta ƙara ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Watanni suka wuce. Salisu na kira, a gaisa sama-sama. Na sani wani gajeren hutu ya zo ya wuce yana zaune a ɗakin makaranta shi kaɗai, bai je ƙauyen ba. Ran nan da yamma na dawo daga lambu na tarar da Hajiya a tsakar gida riƙe da waya, ta sa Salisu ya haɗa ta da Maryam ta bidiyo. Na laɓe a bakin zaure. Hajiya tana ta jero godiya da addu'a da Hausa, Maryam tana amsawa da nata yaren, Salisu ya fara fassara ya ga ba mai sauraronsa ya bari. Su biyun kuka suke yi.

Can na ji Salisu ya ce, "Umma, tana tambaya ko Baba yana nan."

Hajiya ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Ga shi can a laɓe. Malam, zo."

Na zo na karɓi wayar. Maryam ta dube ni ta daɗe. Ta ƙara tsufa. Na dafa ƙirji kamar yadda ta yi mini ranar farko, na ce, "Inna, ki yafe mini." Salisu ya fassara. Ba ta amsa wannan ba, ta yi wata maganar daban, gajeriya.

Salisu bai fassara ba. Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce lokacin aski ya zo, Yakub kuma bayansa ya hana shi sunkuyawa. Tana neman izininka in je."

Hajiya ta zuba mini ido. Salisu ya sunkuyar da kai a ɗan akwatinsa na jikin wayar. Tsohuwar da na zaga a cikin gidanta, ita ce ke neman izinina.

Na ce, "Ka je. Zan yi kaffarar rantsuwata." Sannan na ƙara, "Amma gonar gangare kawai."

Da Salisu ya fassara, sai na ji dariyar Yakub daga bayan wayar, ashe yana zaune a wurin tun ɗazu. Maryam ta goge ido da bakin ɗankwalinta, ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta miƙa masa wayar ta tashi. Na mayar wa Hajiya wayarta, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Washegari na tashi da azumi.